Nawa Biyu a Bakin Raga

Na yi shekara goma sha ɗaya ina buga ƙwallo ana biyana, kuma sakamakon wasanni da yawa ya riga ya zube mini, har da wasu da ni kaina na ci ƙwallo a cikinsu, ga shi kuwa ɗan baya bai cika cin ƙwallo ba balle ya manta. Amma akwai kakar wasa guda da ba na jin za ta fita daga raina ko da tsufa ya cinye mini sauran tunani. Ita ce kakar da muka nemi fita daga rukuni na biyu, kalma ɗaya tak ta kusa kashe mana shekara, ita ce kuma ta zo ta cece mu.

A lokacin ni ne kyaftin ɗin ƙungiyarmu a nan Bauchi. Lamba biyar nake bugawa, wato tsakiyar baya, daidai gaban mai tsaron gida. Shekarata takwas a rukuni na biyu. Ga wanda bai sani ba, rukuni na biyu shi ne inda ake kiranka ƙwararren ɗan wasa amma a keke kake zuwa atisaye, kai kake wanke jesinka, in za a wasan waje kuma a cusa ku bas ɗaya gwiwarka na zungurin bayan na gabanka tun daga Bauchi har inda Allah ya kai ku. Ƙungiya ɗaya ce kacal ke hawa babban rukuni daga ɓangarenmu a ƙarshen kaka, mu kuwa sau biyu muna ƙarewa a na biyu, mu ga samu mu ga rashi. Ga shi gwiwata ta hagu ta fara yi mini ƙorafi duk safiya. Ban faɗa wa kowa ba, amma na riga na sani a raina: in ba mu hau a wannan shekarar ba, zan rataye takalmina ban taɓa taka filin babban rukuni ba.

Sai in faɗi halina tun yanzu don kada a zaci wani salihi ne ke ba da labari. Ni ɗan Ƙofar Ran ne, gidanmu kuwa gidan tsokana ne, in ka shigo da sabuwar hula kafin ka kai tsakar gida an raɗa mata suna. A cikin 'yan gidan ma ni ne uban tafiya. Innarmu kullum sai ta ce mini baki shi ke yanka wuya, ni kuma in ce mata nawa wuyan kauri gare shi.

Kocinmu wani dattijo ne daga kudancin jiharmu, tsohon ɗan wasa, duk muna kiransa Baba Koci. Kafin a fara kakar ya kawo mana sabon gola, wani dogon saurayi ɗan kudu da bai wuce shekara biyu da zuwa Bauchi ba, yana zaune wurin kawunsa mai shagon kayan babur a Gwallaga. Hannuwansa kamar faifai. Tun ranar farko da na ga yadda yake tashi sama ya cafke ƙwallo na ce a raina to, bana Allah ya kawo mana abin da muka rasa.

Akwai wata doka da Baba Koci ya kafa a shekarar. Ka san a ƙa'ida in gola zai fito ya kama ƙwallon sama, sai ya yi ihu ya ce kipa, domin 'yan bayansa su kauce masa. To a kakar da ta wuce wani ɗan gaba mai wayo ya tsaya a bayana ya yi wannan ihun, na sunkuya na bar ƙwallo ina zaton golanmu ne, shi kuwa ya sa kai ya zura mana. Laifi ne in alƙali ya ji, amma wane alƙali ne zai ji a cikin hayaniya? Saboda haka Baba Koci ya ce daga yanzu golanmu ba zai ƙara cewa kipa ba, nawa zai riƙa cewa, wato ƙwallon nan nawa ne, a bar mini. Ya ce ya san ba wani sirri ba ne, amma ko ba komai ba ita bakin 'yan gaba ya saba da ita ba.

Muna atisaye a wani fili a Tirwun, tsakanin gonaki da sababbin gidajen da ba a gama yi wa rufi ba. Aka bugo ƙwallon farko sama, sabon gola ya fito da gudu ya buɗe baki ya faɗi kalmar. Mu dai in muka ce abu nawa ne, mukan ja farkon kalmar ƙasa-ƙasa mu ɗaga ƙarshenta. Shi kuwa sai ya datse ta, ya ɗaga farko ya sauke ƙarshe, ta fito sak irin ta mai tambayar kuɗin kaya a kasuwa. Mutum yana sama, hannuwa a miƙe, ido a zare, yana tambayar nawa ake sayar da ƙwallo.

Ban san sanda bakina ya ce, "Sai ka taya, maigida," ba.

Fili ya kaure da dariya. Lamba shidanmu har da kwanciya a ƙasa yana riƙe ciki. Wani ya ce albarka, wani ya ce wannan ba na sayarwa ba ne. Shi ma golan ya yi dariya duk da bai gane abin da ya faru ba, da aka yi masa bayani kuma ya ƙara yin wata. Na koma gida ranar ina jin daɗin kaina, na ba 'yan gidanmu labari har da kwaikwayo.

Kakar ta fara mana da ƙafar dama. Wasa bakwai na farko ba wanda ya doke mu, a gida ko a waje, kuma a biyar daga ciki ko ƙwallo ɗaya ba ta shiga ragarmu ba. Kai, Bauchi ta yi daɗi a watannin nan. Filin da da ba ya wuce mu da 'yan uwanmu da masu sayar da rake, sai ga shi mutane na layi tun azahar. Masu keke suka daina karɓar kuɗina, in na matsa su ce Kyaftin ka biya mu ranar Asabar. Wata mai masa a bakin ƙofar filin ta ce duk ranar da muka ci wasa, masar 'yan baya kyauta ce, 'yan gaba kuwa su saya tunda su ake yi wa kirari. Magoya baya suka samo makaɗa, aka riƙa raka bas ɗinmu da babura har bakin gari. Ni da nake ta zaman jiran wannan shekara takwas, ji nake kamar a buga wasa kullum.

Sai dai tsokanar nan tawa ba ta tsaya a Tirwun ba. Magana zarar bunu ce. 'Yan wasa suka kai ta majalisa, majalisa ta kai ta filin wasa. Magoya bayanmu da ke zama bayan raga suka ɗauke ta kamar waƙa. Duk sanda golanmu ya fito ya yi kiransa, sai ka ji an amsa masa daga baya, wannan ya ce ɗari biyar, wancan ya ce albarka, wani ya ce ƙara dai. Ba da ƙiyayya suke yi ba, ƙaunarsa suke yi, amma mutum dubu suna yi maka dariya lokaci guda ba ka da hanyar auna nufinsu. Ni kuma a ɗakin canza kaya ban fasa ba. In zai ɗauki ruwa in ce nawa, in zai sa safar hannu in ce nawa. Da farko yana dariya, daga baya ya koma murmushi, daga nan sai ya riƙa sunkuyar da kai yana ɗaure igiyar takalmin da ya riga ya ɗaure. Muryarsa a fili ta riƙa raguwa mako bayan mako, ni kuwa ko a jikina, tunda muna cin wasa ban lura da komai ba.

Wasan ƙarshe na zagayen farko muka tafi gidan ƙungiyar da ke biye da mu a teburi, su ne kaɗai abokan hamayyarmu na gaske a shekarar. Suna da wani lamba tara, gajere mai faɗin ƙirji, Bahaushe ne mai zaƙin baki, irin ɗan wasan da zai taka maka ƙafa yana tambayarka ya mutanen gida. Har saura minti kaɗan a tashi babu ci, kunnen doki kuwa ya ishe mu. Sai aka ɗago wani dogon ƙwallo cikin yadinmu. Na saurara ban ji kira ba, na tashi da dukkan ƙarfina zan sa kai. Ashe golanmu ma ya fito, bakinsa a rufe. Goshina ya haɗu da haɓarsa, muka zube tare, ƙwallo ya faɗo a gaban lamba tara kamar an aiko masa da shi. Bai ma buga da ƙarfi ba, turawa kawai ya yi.

A ɗakin canza kaya na sauke masa kwandon faɗa a gaban kowa. Na ce masa wane irin gola ne kurma, bakinsa na cin tuwo ne kawai, ya jawo mana asarar wata uku a minti ɗaya. Yana zaune da auduga a leɓe, jini ya ɓata masa gaban jesi. Sai da na gaji na yi shiru sannan ya ɗago ya dube ni.

"Kyaftin," ya ce, "ni na yi magana, kai ka yi dariya. Ni na yi shiru, kai ka yi fushi. To wanne ne kana so?"

Girman kai bai bar ni na ba shi haƙuri ba, na ɗauki jakata na fita zuwa bas.

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa bangonmu ya tsage daga sama har ƙasa. Ni na daina yarda zai fito, shi ya daina yarda zan kauce. Wani lokaci mu tashi tare, wani lokaci mu tsaya muna kallon juna ƙwallo ya wuce ta tsakaninmu. A wasa uku muka yi kunnen doki biyu aka doke mu ɗaya, waɗancan abokan hamayyar tamu suka ba mu tazara a teburi. Mai masa ta fara kallona a kaikaice. Ina kwanciya in ji gwiwa na zugi, in riƙa lissafin cewa shi ke nan, ta faru ta ƙare.

Wata Talata bayan atisaye Baba Koci ya kira ni gefe, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya ce shi ma da ya zo garin nan yana saurayi an yi wa Hausarsa dariya, har yau kuma bai manta fuskokin waɗanda suka yi ba. Ya ce yana da gola na biyu, amma duk mun san ba ɗaya suke ba.

"Kai ka ɗaure, Kyaftin," ya ce. "Kai za ka kwance."

Washegari da hantsi na hau keke zuwa Gwallaga. Shagon ɗan ƙarami ne, an rataye tayoyi da sarƙoƙi har bakin ƙofa, 'yan acaɓa da makanikai sun cika gabansa. Golanmu yana bayan kanta yana miƙa kaya. Da ya gan ni ya ɗan daburce, kawunsa kuwa, wani mutum mai tumbi da fara'a, ya jawo mini benci ya aika a kawo mini lemo, ya ce in jira kasuwa ta lafa.

Zaman awa ɗaya na yi a bencin nan, kuma a nan na ji abin da ban taɓa tsayawa na saurara ba. Duk wanda ya zo, kalmarsa ta farko ɗaya ce. Wannan ya ɗaga filogi ya ce nawa, wancan ya nuna taya ya ce nawa, wani ko sallama bai yi ba daga kan babur yake jefo ta. Daga safe har yamma, kwana shida a mako, shekara biyu cur, wannan nawa ɗin ce ke shiga kunnen yaron nan. Kawun da ya ji abin da ya kawo ni sai ya yi dariya ya ce ai ita ce Hausar farko da ya koya masa ranar da ya sauka daga mota, domin wanda bai san nawa ba ba zai ci abinci a Bauchi ba. Yaro ya baro garinsu, ya koyi harshenmu a bakin kanta, ya ɗauki 'yar kalmar da yake da ita ya fito da ita gaban dubban mutane don ya kare ragarmu, ni kuma da ko gaisuwa ban iya da yarensu ba na mayar da shi abin dariyar gari.

Na ba shi haƙuri a gaban kawunsa da makanikai, ban rage murya ba tunda faɗan ma ban rage ba. Ya ce ba komai, ya wuce. Sannan ya roƙe ni abu ɗaya, in koya masa yadda ake faɗarta daidai don a daina yi masa dariya.

Na ɗauki aikin da gaske. Mako biyu, kullum bayan atisaye, muna zaune a kan ciyawa ina ja masa kalmar yana maimaitawa. In yana zaune lafiya lau yake faɗarta, har in tafa masa. Amma da zarar an ɗago ƙwallo ya tashi sama, sai harshen ya koma shago. Na yi, na yi, abu ya ƙi. Rannan Baba Koci ya tsaya a kanmu yana saurare, ya girgiza kai ya ce shi ba gasar Hausa ya tara mu ba, yaro ya faɗa da ƙarfi yadda ta zo masa, ni kuma in sunkuya, magana ta ƙare. Na bar karatun ba don raina ya so ba, ina ganin na gaza. Abin da na iya yi kawai shi ne na je na sami shugaban magoya bayanmu na roƙe shi su daina amsa masa daga bayan raga, kuma suka daina.

Daga nan fa wasa ya dawo. Muryarsa ta dawo, har ta fi ta da, in ya kwatsa kiran nan sai ka ji shi daga ɗaya ragar. Ni kuma wuyana ya koyi sunkuyawa tun kafin ƙwaƙwalwata ta gama ji. Muka shiga cin wasa a jere, gida da waje, a filin ciyawa da filin da ya fi kama da gonar da aka gama girbi. Waɗancan suka yi tuntuɓe sau biyu. Kowace Lahadi da yamma sai mu taru a kan wayar mutum ɗaya muna jiran sakamakonsu, in sun yi kunnen doki mu yi ta tsalle kamar yara. Da aka zo wasan ƙarshe maki ɗaya suka fi mu, kuma su ne za su zo Bauchi. Su kunnen doki ya ishe su, mu kuwa dole sai mun ci.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. An yi ruwa da safe, fili ya jiƙe, sama ta wanke tas. Tun kafin la'asar filin ya cika ya batse, ba masaka tsinke, har kan katanga mutane ne. Kawun golanmu ya rufe shago ranar Asabar guda, abin da aka ce bai taɓa yi ba, ya zo da makanikan layinsu. A ɗakin canza kaya muka yi da'ira, muka karanta Fatiha, golanmu da sauran Kiristocinmu suka yi tasu addu'ar, kowa ya ce amin ga ta kowa. Da muka fito kiɗa da ihu suka doke ni a ƙirji, na manta ina da wata gwiwa.

Rabin farko aka tashi babu ci. Su dai tsare gida suka zo yi, sai su ɗago dogon ƙwallo su nemi lamba taransu. Duk wanda suka ɗago, golanmu ya fito ya yi kira, ni in sunkuya, shi ya cafke. Ya yi haka ya fi sau goma. Na lura lamba tara yana kallonmu yana murmushi, har ya ce mini lallai mun shirya da mutumina, amma ban kawo komai a raina ba.

Bayan an dawo da kamar minti ashirin lamba sha ɗayanmu ya tsere ta gefe, taɓo na tashi a bayansa, ya yanko ƙwallo ƙasa-ƙasa. Lamba goma ya zo a guje ya zame da ƙafa ɗaya. Raga ta motsa. Wallahi ban taɓa jin ƙara irin ta ranar ba, ƙasa ce ta riƙa rawa a ƙarƙashin takalmina. Na yi gudu tun daga baya na faɗa kan tarin 'yan wasa, wani ya taka mini hannu ban ji ba sai washegari.

Daga nan suka taso mana gaba ɗaya. Minti ashirin da biyar muka yi ba mu ƙetare tsakiyar fili ba. Mun tare da kai, mun tare da ƙirji, lamba shidanmu ya tare wani da fuska ya tashi yana tambayar ina ne gabas. Lokaci ya cika, aka ɗaga ƙarin minti huɗu. A cikin na ƙarshensu suka sami bugun kusurwa, har golansu ya baro gida ya taho.

Yadinmu ya cika da mutane, ana ture-ture ana jan riga. Ina tsaye 'yan taku kaɗan daga raga, lamba tara yana bayana. Aka bugo ƙwallon, yana lanƙwasowa daidai kaina. Na lanƙwasa gwiwa zan tashi, sai na ji kira a bayana, da ƙarfi, a kan lokaci.

"Nawa!"

Wuyana ya riga ya fara sauka. Wata biyu ina koya wa wuyan nan haka. Amma kunnena ya ƙi. Wani abu ne ya tsaya mini a rai cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba: wannan nawa ɗin ta yi kyau. An ja farkonta, an ɗaga ƙarshenta, Hausa ce tsantsa irin wadda Innarmu za ta faɗa. Golanmu kuwa in yana sama bai taɓa faɗar ta haka ba ko sau ɗaya. Na taka ƙafar nan mai ciwo na tashi a makare, ƙwallo ya goge ni a tsakar ka ya haura saman raga. Ina faɗowa na waiga. Lamba tara ne a bayana ya riga ya tashi da goshi a shirye, golanmu kuwa yana can kan layi mutum biyu sun danne shi, ko motsi bai samu yi ba. Da na sunkuya, da shekara ta tafi.

Aka sake ba su kusurwa. Alƙali ya duba agogo. Aka bugo, wannan karon ya fi tsayi, na ja da baya ina binsa da ido, sai na ji wata ƙara ta tsaga hayaniyar filin nan gaba ɗaya, a datse, a karkace, irin ta bakin kanta a Gwallaga.

"Nawa?"

Ban taɓa jin kalma mai daɗinta ba. Na jefa kaina cikin taɓo, wani abu mai nauyi ya wuce ta samana, ya dawo ya faɗo mini a baya. Golanmu ne, ya rungume ƙwallo a ƙirji da hannu biyu. Sai na ji bayan raga, mutanen nan da suka yi wata biyu suna riƙe bakinsu, sun amsa da murya ɗaya, "Naka ne!" Ɗaya ɓangaren ya ɗauka, filin duka ya ɗauka. Ya tashi ya buga ƙwallon sama, kafin ya sauko alƙali ya busa tashi.

Abin da ya faru bayan nan gutsi-gutsi nake tunawa. Mutane sun ɓalle sun cika fili. Na ga Baba Koci a durƙushe ya rufe fuska da hula. Na ga kawun golanmu yana rawa da tumbinsa a tsakiyar makaɗa. An ɗaga ni sama, an sauke, an sake ɗagawa, takalmina ɗaya ban ƙara ganinsa ba har yau. Kuka nake yi ina dariya, taɓo har cikin bakina, ina ta faɗa wa duk wanda ya rungume ni cewa mun hau, kamar shi bai sani ba.

A cikin wannan rububin lamba taransu ya ratso ya miƙo mini hannu, idonsa ja. Ɗan wasa ne na gaske, ban ƙi shi ba. Ya ce shi dai abu ɗaya yake so ya sani, minti casa'in yana kallo ina sunkuya wa kalmar nan, ya aka yi na ƙi sunkuya wa tasa.

Na ce masa, "Hausarka ce ta yi kyau da yawa, ɗan'uwa."

Golanmu yana gefena yana ji. Sai da muka shiga ɗaki hayaniya ta ɗan ragu ya zauna kusa da ni yana cire safar hannu, ya ce, "Kyaftin, to da na koya daidai fa?"

Dariyar da nake yi ta tsaya. Sai a lokacin na ga ramin da muka tsallake. Mako biyu na yi ina ƙoƙarin goge abin da ya bambanta muryarsa da ta kowa, har ina jin haushin na kasa. Da Allah ya ba ni nasara a karatun nan, da nawa biyun sun zama iri ɗaya, da kuma na sunkuya.

Na buga kaka ɗaya a babban rukuni kafin gwiwa ta ce ya isa, kuma kowane fili na shiga sai na taɓa ciyawarsa na shafa a fuska. Golanmu kuwa ya yi gaba, ya tsare wa manyan ƙungiyoyi gida, Hausarsa yanzu ta fi ta wasu 'yan gari, har karin magana yake jefa mini a waya. Amma in na ɗauka, gaisuwarsa ta farko ita ce kalmar nan, a karkace kamar yadda take, ni kuma in ce masa na sallama.

Yanzu yara nake koya wa ƙwallo, kuma tsokana ban daina ba, hali zanen dutse. Sai dai duk yaron da na ji yana kwaikwayon harshen ɗan'uwansa don a yi dariya, sai na zaunar da shi na ba shi wannan labarin. Abin da na koya shi ne, ɗan karkacen da kake ji a bakin mutum ba lallai aibi ba ne da aka ɗora maka gyarawa, wani lokaci shi ne shaidar da za ka gane naka da ita ranar da kowa ke kiranka da murya mai daɗi. Innarmu ta yi gaskiya, baki shi ke yanka wuya. Nawa bakin ya kusa yanka ni, na wanda na raina ne ya fisshe ni.